Ɗiyar Maƙera da Butalin Gaz

Daga Matankari har Tibiri, duk faɗin ƙasar Arewa, ba a taɓa haifar macen da wuta ke jin kunya kamar Inna Sahura ta Tudun Zabi ba. Haka mutanen Tudun Zabi ke faɗa, kuma da yake ba a taɓa tara matan Arewa an gwada ba, maganar ta zauna. Abin da aka tabbatar dai shi ne ɗiyar maƙera ce, ta yi rarrafe a gindin zugazugi, kuma tana ɗaukar garwashi da yatsu uku ta sa a kasko ba tare da ta katse hirar da take yi ba. Idan yaro ya faɗa murhu, ko tafasasshen ruwa ya zube wa mai jego, wurinta ake rugawa. Ta yi tofi, ta shafa abin da za ta shafa, ta sallami mutum da faɗan rashin kula. Wannan matar ce ta yi wata bakwai tana tsoron wani shuɗin ƙarfe wanda tsayinsa bai kai ƙugunta ba.

Shekarunta sun kusa sittin, ko sun ɗan wuce. Lokacin da aka haife ta ba a damu da irin wannan ba. Mijinta Mani ya rasu tun autansu yana goye. 'Ya'yanta maza biyu sun tafi ci-rani bakin teku, har yau ranin bai ƙare ba. Abin da ya rage mata a duniya shi ne murhun lakwal, wato makarantar boko. Shekara goma sha tara ke nan ita ke dafa wa 'yan makarantar garin abincin rana, yara casa'in da 'yan kai, a wata rumfar zana bayan aji na uku. Albashin ba abin faɗa ba ne. Amma duk wanda ya iya rubuta sunansa a Tudun Zabi da tuwonta a ciki ya iya, kuma in ta ratsa kasuwar Kore Mairuwa, samari masu gemu sukan sauko daga babur su gaishe ta.

Wutarta ma tana da tarihi. Kullum da la'asar takan tattara garwashi ta lulluɓe da toka, da safe ta tone ta hura, sai wuta ta miƙe kamar wadda aka tasa daga barci. Lokacin hutu takan kwashe ta a kasko ta kai gida. A faɗarta, wutar nan ba ta mutu ba tun shekarar da aka yi wa lakwal rufin kwano, kuma rabin matan unguwa daga nan suke ɗebo wuta. Ta san itace kamar yadda makiyayi ya san garkensa. Sabara mai saurin ci ce, geza tana barin garwashi, kalgo kuwa sai an yi haƙuri da hayaƙinsa.

Mai kawo mata itacen shi ne Ɗantala, ɗan kawunta, taubashinta, mai amalanken jaki. Da can bayan gari yake zagayawa ya dawo kafin hantsi. Yanzu yakan fita bayan asuba, ba ya dawowa sai la'asar, da ƙiraren da a da ko tsintar su ba a yi, kuma da ido ɗaya a kan hanya saboda ma'aikatan daji. Don haka da gwamnati ta ce daji yana ƙarewa, ba ta faɗi abin da jakin Ɗantala bai sani ba. Da ta ce hayaƙi na cin idon mata da ƙirjinsu, tarin da Sahura ke yi kowace safiya ya isa shaida. Gwamnati ta yi gaskiya. Matsalar ita ce ta zo da magani.

Bayan girbi, wata Talata, farar mota ta tsaya a filin lakwal. Wani shiri ne na raba dahuwar makarantun karkara da itace. Shugaban tawagar ya yi jawabi da Faransanci, daraktan lakwal, Mushe Abdul'aziz (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan Faransanci), yana fassarawa. An ambaci hamada, an ambaci jikoki, an ce duniya gaba ɗaya tana ƙara zafi, labarin da mutanen da suka sha bazarar Arewa suka karɓa ba gardama. Sannan direban motar ya sauko da butalin gaz sabo fil, wato tulun ƙarfe na iskar dahuwa, da murhun ƙarfe mai ƙafa uku, da wani baƙin tiyo. Ya shiga da su ɗakin ajiyar hatsi, ya haɗa, ya fito yana kaɗe hannu.

Wani matashi mai riga mai aljihu da yawa ya nuna da yatsa inda ake murɗawa, sannan ya karanto dokoki. Kada a bar shi a rana. Kada a kwantar da shi. Kada a buge shi. Kada wuta ta kusance shi. Idan aka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kada a ƙyasta ashana, kowa ya fita.

"To in anka saɓa hwa?" in ji Ɗantala daga bayan taro.

Matashin ya juyo wajensa. Ya kumbura kumatu, ya buɗe hannayensa biyu sannu a hankali har iyakar tsawonsu. Wannan darakta bai fassara ba.

An so a kunna a nuna wa jama'a, amma akwai sauran garuruwa shida kafin faɗuwar rana. Aka tsayar da Sahura kusa da butali aka ɗauki hoto, aka miƙa mata mabuɗin ɗakin, mota ta tafi. Tun ana hangen motar wani da ya yi zaman Kwatano ya fara ba da labarin wani gidan bene da irin wannan butali ya tarwatsa. An tsinci rufin a wata unguwa, in ji shi, mai dahuwar kuwa ba a tsince ta ko'ina ba. Kafin magariba gidan ya zama hawa huɗu.

Sahura ta san wuta, amma wutar da ta sani mai uwa ce. Daga itace take fitowa, ana ganin abincinta, ana ganin lokacin da ta ƙoshi. In ta yi fushi a janye mata ice, in ta yi sanyi a tura mata. Tofin gidansu ma don irin wannan wuta aka gaje shi. Amma wutar da aka ɗura a cikin ƙarfe, ba hayaƙi, ba toka, tana zaune shiru tana jira, wadda kuma babbar dokarta ita ce kada ta haɗu da 'yar'uwarta wuta, babu ita a cikin abin da uban Sahura ya bar mata. Irin wannan jeri na "kada, kada" sau ɗaya ta taɓa jin sa, a bakin kakarta wadda ta yi bori, lokacin da take faɗin sharuɗɗan doguwar da ke zaune a tsamiyar bakin fadama. Sahura mai salla ce, ta bar waɗannan abubuwa tun tana budurwa. Amma ko doguwa tana da suna, an san abin da take so, baƙar akuya ko farin goro, kuma akwai masu yi mata magana. Wannan kuwa an faɗi duk abin da ba ya so, ba a faɗi abu ɗaya da yake so ba.

Ko wace mace a Tudun Zabi tana iya cewa tana tsoron abin nan, a yi dariya a wuce. Ban da ita. Ɗiyar maƙera ba ta cewa tana tsoron wuta, ba ta kuma tambayar wani yadda ake yi da wuta. Ranar da ta faɗa, ranar uwar yaron da ya ƙone za ta tsaya a ƙofarta tana shakka, kuma sunan da ubanta ya yi shekara saba'in yana ƙerawa ya tafi a bakin mace ɗaya. Saboda haka ba ta faɗa ba. Ta yi abin da kakarta za ta yi.

Ta sa aka kwashe buhunan hatsi aka mai da su ofishin darakta, ta bar wa butalin ɗakin shi kaɗai. Ta share, ta zuba sabon yashi kewaye da shi ba tare da ta motsa shi ba. Ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu kamar randa. Ta kulle ƙofa, ta rataya mabuɗin a wuya, cikin riga. Ta ɗauke duwatsun murhunta ta mai da su taki arba'in daga ɗakin, ta ƙidaya da ƙafarta sau biyu. Ta hana yara buga ƙwallo a wannan gefen. Sunansa ma ba ta kama wa. Baƙo take ce masa.

"Inna, yaya gaz ɗinmu?" darakta yakan tambaya in ya wuce.

"Lahiya lau shike, Mushe."

Ba ƙarya ta yi ba. Mushe Abdul'aziz ɗan Dogon Dutsi ne, matarsa da gaz take dahuwa a can, amma shi bai taɓa shiga madafa ba sai don ya tambaya ko an gama. Kullum yana ganin hayaƙi na tashi bayan aji, sai ya dubi wani wajen, domin yana cikin masu cin tuwon.

Mutum ɗaya ne a garin ya san abin da hannunsa, wato Bushira, wadda ta yi shekara biyar tana aikin gida a Yamai kafin aure ya dawo da ita. Wata rana ta zo ɗebo wuta, da jaririnta a baya, ta tsaya tana kallon kulallen ɗakin.

"Inna, abin nan ba wuya. Ba ni mabuɗi in kunna miki, sau guda kin iya."

Sahura tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba.

"Miƙo ƙahwarki ta hagu."

Bushira ta miƙa tana dariya. Akwai tsohon tabo a idon sawun.

"Wanga tabo, wa ya kashe mai zahi?"

"Ke ce, Inna."

"To ɗiyar da na yi wa tohi ba ta koya mini wuta. Ɗauki garwashinki. Ki gaida uwarki."

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, nan ne wahalar ta fara da gaske. An ce kada a bar shi a rana, amma ba a faɗi abin da za a yi ba idan rana ta biyo shi cikin ɗaki. Da azahar rufin kwanon yakan yi zafi har ya riƙa ƙas, ƙas, shi kaɗai, kuma kowace ƙas sai ta sauka a ƙirjin Sahura. Sau uku take jiƙa buhun a yini. Ruwan farko da ta ɗebo a famfo na Baƙo ne, kafin na wankanta. Idan zafi ya kai inda ya kai, takan buɗe ƙofa, ta tsaya a bakin ƙofar da faifai, ta yi ta fifita, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Daga inda take tsaye tana jin muryar 'yan aji na uku suna maimaita karatu, taki goma kacal, kuma ta san kowace murya da sunan uwar mai ita. Ta rame. Mata suka ce tsufa ne.

Wata Laraba cikin watan Afrilu, ta zo da bokitin ruwa, tana sa mabuɗi a kwaɗo sai warin ya buge ta. Ruɓaɓɓen ƙwai, ba wani abu ba. Ta tsaya. A bayanta, taki arba'in, wutarta tana ci ƙarƙashin tukunyar miya. A gefenta yara suna karatu.

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye bokitin a hankali, kamar ƙasa ma tana iya jin haushi, ta tafi ƙofar aji.

"Mushe, hitar da yara. Su tahi gindin gawo, can bakin hanya. Kada kowa shi yi gudu."

Darakta ya buɗe baki zai tambaya, ya ga fuskarta, ya rufe. Yara suka fita a jere. Ita kuwa ta koma murhu, ta sunkuci tukunyar miya da hannu biyu ta juye a kan wutar. Ta ƙara da ruwan randa. Ta tura yashi da ƙafa, ta tattake, ta tone da yatsu tana neman ko ɗan jan ido ɗaya ya rage, har ta tabbata babu. Sannan ta miƙe tsakanin mataccen murhu da kulallen ɗaki, tana jira. Kwano ya yi ƙas. Ta rufe ido. Ya sake yin ƙas.

Haka Ɗantala ya same ta da ya iso da amalanke, don ranar ya dawo da wuri. Ya shaƙi iska, ya zagaya bayan ɗakin, ya ɗaga wata tsohuwar zana da sandarsa. Wata zabuwa ce ta yi ƙwai a wurin ta watsar, zafi ya fasa su.

Ranar yara gaya suka ci. Sahura ta ce tukunya ce ta goce. Washegari da safe aka gan ta da kasko a ƙofar maƙwabciya, ɗiyar maƙera tana neman a sam mata wuta. Maƙwabciyar ta zuba mata ba tare da ta ce komai ba, kuma da ta yi magana da ya fi sauƙi. Ɗantala, wanda tun suna yara bai taɓa barin tuntuɓen Sahura ya wuce ba tare da ya yi waƙa a kai ba, wannan karon jakinsa kawai ya yi wa faɗa.

Farkon watan Mayu darakta ya kira ta inuwar ofis ya ba ta kujera. Tun da ya zo garin bai taɓa ba ta kujera ba.

"Bon, Inna. Takarda ta zo. Ranar Alhamis tawaga za ta dawo. Suna son su gani da idonsu ana aiki da gaz. Inda suka tarar mai dahuwa ba ta iya ba, an ce a nemo wadda ta iya."

Bai ambaci Bushira ba. Ba sai ya ambata ba.

"In kina so," ya ce yana kallon takardar, "sai wata ta kunna kafin su iso, ke ki tsaya kusa."

"Murhuna ne, Mushe. Ni ka kunnawa."

Darakta ya ɗauka girman kai ne, kuma akwai shi a ciki. Sauran bai gani ba. Sahura ta riga ta auna abin ta kowane gefe. In ba ta kunna ba, murhun ya tafi, kuma mace mai shekara sittin da aka karɓe wa murhu ba ta da sauran dalilin fita daga gida da safe. In ta bar Bushira ta kunna, Baƙon da ya sha zafin bazara wata uku a kulle zai yi abin da zai yi a kan yarinya mai goyo, kuma Sahura ce ta tura ta. In ita ta kunna, to aƙalla wadda aka ba mabuɗi ce ta buɗe.

Ranar Laraba da la'asar, da Ɗantala ya gama sauke itace, ta fito da wani abu a naɗe cikin tsumma ta miƙa masa. Awartakin ubanta ne.

"In babban ɗana ya zo, ka ba shi."

"Ke ba ki da hannu?"

"Ɗantala, ka yahe mini."

"Mi kinka yi mini, ban da shekara hamsin na baƙar magana?"

"Ita nika nuhi."

"To tsohuwar maƙera, in kin tashi sama gobe, ki duba mini inda itace ya rage. Jakina ya gaji da nema."

Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ba ta yi nisa ba. Ya juya awartakin a hannunsa.

"Sahura, ki ce ba ki iya mana. Wa za shi kashe ki?"

"Ka taɓa jin ubana ya ce ba ya iya?"

"Ubanki bai ga wanga abu ba."

"Shi ya sa ya bar mini."

Ɗantala ya sa awartakin a aljihu, ya ce ya yafe, ita ma ta yafe masa. Ya kora jakinsa ya tafi bai waiwaya ba.

Ranar Alhamis tun da sassafe ta dafa shinkafa da wake a gida, da itacen geza, ta sa aka kai lakwal aka rufe a ofis, don ko me ya faru yara su ci. Ta yi wanka, ta yi alwala, ta ɗaura wankakken zane. Ta gaya wa darakta cewa baƙi irin waɗannan da waƙa ake tarbar su, tun daga bakin hanya, kuma a bar yara a can gindin gawo su ci gaba da waƙar har a gama. Darakta ya yaba da shawarar. Daga gawon zuwa ɗakin taki ɗari biyu ne da goma. Ta ƙidaya.

Farar motar ta iso da hantsi. Direban dai shi ne, amma shugaban tawagar sabo ne, wani dogo mai tabarau da ake kira Mushe Rashid. Na da an canza masa wurin aiki. Sahura ta ciro mabuɗi daga wuya ta buɗe. Mushe Rashid ya dubi sharen yashi da jiƙaƙƙen buhu.

"Wannan fa?"

"Tsabta ce," in ji darakta, wanda ya zaɓi wurin tsayuwa a bakin ƙofa.

Ta yaye buhun. Ƙarfen yana nan shuɗi, da sanyi, kamar ranar da ya zo. Mushe Rashid ya matso da wayarsa.

"Alhaji, ku ɗan ja baya," in ji Sahura.

"Hoto ba ya kyau daga nesa, Inna. Bismilla, yi yadda kika saba."

Ta faɗa masa. Allah ya ji ta faɗa masa. Ta durƙusa. Ta tuna inda matashin nan ya nuna da yatsa wata bakwai da suka wuce, a murɗa na kan butali, a murɗa na murhu, sannan ashana. Ta murɗa na farko, tana jin kamar ta sa hannu a ramin da ba ta san mai shi ba. Ta buɗe kwalin ashana. Macen da ba ta taɓa buƙatar ashana ba a rayuwarta, tsinken farko ya karye a hannunta. Na biyu ya kama, ya mutu nan take. Gumi ya sauko mata cikin ido. Can nesa yara suna ta waƙar maraba, ta ji muryar jikar maƙwabciyarta ta fi ta kowa tashi. Na uku ya kama. Ta yi kalmar shahada a ƙasan harshe, ta murɗa na biyu, ta rufe ido, ta miƙa hannu.

Ta ji waƙa. Ta ji kukan jaki. Ta ji kwano ya yi ƙas. Tsinken ya ci har ya kai yatsunta ya mutu a can, ba ta ji zafinsa ba, kamar kullum.

Ta buɗe ido. Murhun ƙarfe yana nan yadda yake.

Mushe Rashid ya sunkuya ya kara kunne. Ya murɗa, ya sake murɗawa. Ya leƙa waje ya kira direba. Direban ya shigo, ya kama butalin ta wuya, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya girgiza. Sahura ta dafa bango.

"Ba komai ciki," in ji direba.

Darakta ya fara nazarin takalminsa. Sai fuskar Mushe Rashid ta washe.

"Ya ƙare. Kun gani? Makaranta goma sha ɗaya muka zaga. Wani wurin an mai da shi kujera, wani wurin mai mabuɗin ya yi tafiya. Nan kaɗai aka yi aiki da shi har ya ƙare." Ya ciro alƙalami. "Tun yaushe?"

"Bai daɗe ba," in ji darakta da sauri.

Ba Sahura ce ta amsa ba, don haka ba a rubuta mata ƙarya ba. Mushe Rashid ya rubuta sunanta da manyan baƙaƙe. Ya ce irinta ake nema, tsohuwar da ta rungumi zamani ta ba matasa kunya. Ya ce wa darakta kada ya kuskura ya taɓa mata aiki. Ya ce za su tafi da wannan a cika, kuma saboda ƙwazonta zai sa a ƙaro mata na biyu. Aka fito da shinkafa da wake. Ya ci faranti biyu, ya ja hankalin darakta ga yadda abinci ke fita da tsabta idan babu hayaƙi.

Murhu ya tsira. Amma Sahura tana tsaye a bakin ɗakin, wani sabon sanyi yana hawa mata daga ƙafa. Ita ta san ba ta taɓa buɗe shi ba sai yau. In babu komai a ciki, to abin ya fita ke nan, kaɗan-kaɗan, wata bakwai, ba tare da ta ji ba. Ya tafi ina? Ya shige bango? Ya bi ƙasa ya kwanta ƙarƙashin aji na uku? Yana cikin ƙirjin yaran da ke cin shinkafa yanzu, yana jiran ranar da wani zai matsa kusa da murhun uwarsa? Ta dubi filin lakwal, ko'ina fili, ba abin da za a lulluɓe da buhu.

Ta bi direban zuwa bayan mota, inda yake shirin loda butalin.

"Ɗana, mi sunanka?"

"Iro, Inna."

"Iro, tsakaninka da Allah. Ban taɓa buɗe shi ba, ko sau guda. Abin da ke ciki, ina ya tahi?"

Iro ya dubi inda Mushe Rashid ke wanke hannu, ya rage murya.

"Ba inda ya tahi, Inna. Ni na sauke shi da hannuna, da shi da sauran goma. Sababbi ne. An ce takardar cikawa za ta biyo baya, a kai su Dogon Dutsi a ɗura."

"Ta biyo?"

"Ni direba ne, Inna."

Ya tura butalin cikin mota, ya bugi ƙarfe ya yi ƙara kamar tsohuwar garwa. Tun Talatar da aka kawo shi babu komai a cikinsa.